Kada Ka Bar Kamalu a Baya

Dubai, watan Agusta, 2021

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a cikin jirgi ko bayan ka sauka. Allah Ya tsare hanyarka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin abin hawa da na abin da ka hau dominsa.

Labarin gida babu wanda ba ka sani ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tafiyar da kuka shirya kai da abokinka Kamalu. Kun ce kafin a buɗe makarantarku a Hungary za ku hau keke daga Jamus, ku bi hanyar bakin kogin Danube wadda mota ba ta bin mafi yawanta, ku yi mako biyu kuna ratsa ƙauyuka da gonaki. Mamanka ba ta so ba. Ni na ce a bar ka, kuma ban canza magana ba. Sai dai ka san halina. Idan muka shiga mota zuwa filin jirgi, abin da zan iya faɗa bai wuce "ka duba fasfonka" ba.

Ban taɓa ganin kogin nan ba, saboda haka ba ni da ta cewa a kansa. Abin da na sani shi ne wuraren da ni na yi kuskure a kan keke. Su zan faɗa maka, ka ɗauki abin da zai yi maka amfani.

Hanyar farko da na sani wadda mota ba ta bi, burtali ne. Ina da shekara goma sha tara, kamar kai yanzu, kakanka ya aike ni daga Bakori zuwa wani ƙauye can yamma in kai wa ƙanwarsa irin masara. Ya ba ni kekensa, baƙi mai nauyi, na ɗaure buhun a kariya na kama hanya. Farkon damina ne, ƙasa ta yi laushi, babu ƙura babu taɓo. Na yi nisa sai na iske wani tsoho a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Na kaɗa masa ƙararrawa na wuce. Ban yi sallama ba, don a lokacin ina ganin mai keke ya fi mai zama.

Ban kai ko'ina ba sarƙar keken ta tsinke. Na duba gabas na duba yamma, babu kowa sai gonaki. Dole na juyo ina tura keke har gindin tsamiyar nan.

Na ce, "Salamu alaikum, Baba."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ashe kana da baki. Na ɗauka ƙararrawa kaɗai aka ba ka."

Sai da ya gama igiyar da ke hannunsa, sannan ya shiga gida ya fito da ƙusa da guduma. Ya haɗa sarƙar a kan dutse, ya ba ni ruwa a ƙwarya. Kuma ya gaya mini rafin da ke gaba ya cika, in na kai wurin rimi in yi dama. Da sarƙar ba ta tsinke ba, da na kai masarar kakanka cikin rafi.

Don haka ka gaida mutane. Duk ƙasar da kuka shiga, kafin ka koyi sunan abinci ka koyi gaisuwarsu, ko da kalma biyu ce, ka faɗe ta ko bakinka bai iya ba. Wanda ke kan babban titi yana iya wuce mutane, don mota za ta zo ta ɗauke shi. Hanyar da babu mota, mutanen gefenta su ne makanikinka, su ne asibitinka. Idan ka ga tsoho da karensa, ka rage gudu. Idan hanya ta ratsa gonar wani, kada ka tsinki ko tuffa ɗaya sai an ba ka.

Bayan wannan na yi shekara kusan talatin ban hau keke ba. Sai a 2016, lokacin muna nan Dubai Investments Park ina kula da injinan sanyi na sito, likita ya ce sukarin jinina ya fara hawa, in nemi abin motsa jiki. Na faɗa wa Malam Isufu. Ka san shi, mutumin Maraɗi mai shagon kargo na aika kaya gida a Al Buteen, wanda yake kawo muku kilishi in ya dawo daga gida. Ya girme ni da shekara shida. Ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ka sayi belo. Akwai hanya a bayan gidanka, kai ba ka sani ba." Belo shi ne keke a bakinsu na mutanen Nijar.

Haka na san Al Qudra. Kowace Juma'a bayan asuba zai taso daga Deira da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ya biyo ta wurina, mu loda kekuna mu fita sahara. Ka san wurin, ba sai na kwatanta maka ba: kwalta sumul a tsakiyar yashi, babu mota, babu hon, sai barewa da ke tsallakawa wani lokaci. Mu yi abin da za mu iya, mu dawo mu yi wanka mu tafi masallaci.

Wata Juma'a a watan Mayu, Malam Isufu ya tafi Maraɗi, na fita ni kaɗai. Na makara, sai da rana ta ɗaga na fara. Gora ɗaya ta ruwa na ɗauka. Mamanka ta miƙo mini ta biyu a bakin ƙofa, na ce ta bar ta, nauyi ne, ni mutumin Katsina ne, wace rana ce ban gani ba. Ruwan ya ƙare ina tsakiyar zagayen. Da farko cinyoyina suka ɗaure, daga nan na ji zufa ta daina fita, kaina yana sarawa. Na lallaɓa zuwa ɗaya daga cikin rumfunan hutawa na kwanta a ƙasa. Wata 'yar Filifin da mijinta suka tsaya, suka ba ni ruwansu da wani gari mai gishiri-gishiri da ake zubawa a ciki, suka raka ni a hankali har wurin mota. Ban ma tambayi sunansu ba.

Da Malam Isufu ya dawo na ba shi labari, ya ce, "Injiniya, ranar Katsina tana da inuwa. Wannan ba ta da ita."

Abin da ka sani a garinku, a garinku yake aiki. Kai ka tashi a zafi, can kuma ruwan sama da sanyi za ku tarar, kuma za ka ga yaran gari suna tafiya da riga ɗaya ka ce kai ma za ka iya. Kada ka gwada. Ka ajiye riga busasshiya ɗaya da safa a cikin leda, ba ka taɓa su sai kun sauka. Fasfo ma a leda. Ka sha ruwa kafin ƙishi ya zo, ka ci abinci kafin yunwa ta zo, don a kan keke in sun zo ka riga ka makara. Burodi da ƙwai da cuku da kifi za su riƙe ku inda ba ku amince da nama ba. Salla kuma Allah Ya sauƙaƙa wa matafiyi, ka yi ƙasaru, amma kada ka ce sai kun isa masauki, bakin kogi ma ƙasar Allah ce.

Wani ƙaramin abu kuma. Na yi wata uku ina yawo da famfon da bakinsa bai dace da tayata ba, ban sani ba sai ranar da ƙaya ta huda ni. Kafin ku tashi, ka sace iskar tayarka da kanka, ka cire tib, ka yi faci, ka mayar, ka buga iska da famfon da za ka tafi da shi. Ka sa Kamalu ma ya yi nasa kana kallo.

Yanzu ga wanda ban taɓa faɗa maka daidai ba.

Ka san Malam Isufu ya yi ciwon zuciya a Al Qudra a lokacin sanyi na 2018. Abin da na gaya muku a gida shi ne muna tafiya ciwon ya kama shi. Ba ƙarya na yi ba, amma ban cika maganar ba. Ba na wurin.

A lokacin na yi ƙarfi. Na sauke ƙiba, na sayi keke marar nauyi, na maƙala ɗan agogon nan mai nuna gudu, kuma na fi kallonsa fiye da hanya. Shi Malam Isufu yana nan da kekensa na da, yana tafiyarsa yadda ya saba. Ranar mun shirya yin babban zagaye, mai kilomita hamsin. Tun a mota na ga bai shanye shayinsa ba. Da muke sauke kekuna na ga yana murza kafaɗarsa ta hagu.

Na ce, "Malam, lafiya dai?"

Ya ce, "Sa ba, sa ba." Wato lafiya lau. Haka yake cewa ko shagonsa ne ke cin wuta. Na san haka, amma na karɓa, don amsar da nake so ke nan.

Mun yi kusan rabi sai wata tawaga ta 'yan keke ta zo ta wuce mu, su kamar goma, a jere, kayansu iri ɗaya. Na ji ƙafata tana ƙaiƙayi. Na ce bari in ga ko zan iya riƙe bayansu.

Malam Isufu ya ce, "Injiniya, dusuma." Wato a hankali.

Na ce, "Yalla, Malam, mu haɗu a rumfa ta gaba." Yalla a bakin Larabawa shi ne mu je.

Na bi su. Na riƙe su na ɗan lokaci, sannan suka bar ni. Na isa rumfar na zauna, na ci dabino, na duba agogon na ga gudun da ban taɓa yi ba, na ji daɗi. Na jira. Da ya daɗe bai zo ba, ba tsoro na ji ba, haushi na ji. Na ce a raina dattijon nan zai sa mu makara Juma'a. Sai da na yi kusan minti ashirin sannan na buɗe jakar bayan sirdi in kira shi. Na iske kira uku daga gare shi. Wayar tana rufe da tawul, ban ji ba.

Na juya. Na same shi zaune a yashi a gefen kwalta, an jingina shi da jakarsa, fuskarsa ta yi toka-toka. Wasu mutum biyu da ban sani ba suna tare da shi, ɗaya yana riƙe da hannunsa, ɗayan ya riga ya kira motar asibiti yana kwatanta musu wuri. Hanyar da mota ba ta bi tana da daɗi, amma ranar na gane motar asibiti ma sai ta nemi ta inda za ta shigo. Muka jira. Babu abin da na yi a wurin sai tsayuwa da keke a hannu.

Allah Ya yi da sauran kwanansa. Jijiyar zuciya ce ta toshe, aka yi masa aiki. Likitan ya ce lokacin da aka ɓata ya taɓa zuciyar, ba za ta koma kamar da ba. Ban tambaye shi ko minti nawa ne suka yi ɓarnar ba, kuma bai faɗa ba.

Kwana biyu bayan aikin aka bar ni na shiga. Na zauna a gefen gado na yi masa sannu. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, ka kamo su?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan. Bayan wata huɗu ya bar wa ƙanensa shagon ya koma Maraɗi. Muna gaisawa a waya da salla, yana tambayar ku ɗaya bayan ɗaya. Kekensa ne wanda ke jingine a barandarmu, wanda mamanka take cewa in bayar. Ya ce in riƙe masa.

Na lura da ku kai da Kamalu ranar da kuka fita gwaji da kaya. Ka fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka dawo kana magana, shi ya dawo yana murmushi kawai, kuma sai da ya dafa bango kafin ya cire takalmi. Yaro ne mai kunya, ba zai ce maka ya gaji ba, musamman da yake kai ka kawo shawarar tafiyar.

Saboda haka ka sa shi a gaba. Wanda ya fi rauni shi ke ƙayyade gudu, mai ƙarfi ya bi baya ya yi haƙuri. Kada ku ce "mu haɗu a gari na gaba", ko da garin ana hango shi. Inda ba ka iya jin muryarsa in ya kira, ka yi nisa. Wayarka ta zauna a aljihu, da ƙararta a buɗe. Idan ka tambaye shi ya ce lafiya lau, ka dubi abincinsa, ka dubi yadda yake hawa keken bayan hutu. Kuma za ku haɗu da masu gudu, da tsofaffin da za su wuce ku kamar kuna tsaye. Ka bar su su tafi. Ba ka san su ba, ba za su san ka bi su ba. Kamalu kuwa mahaifiyarsa ta kira mamanka sau biyu a makon nan.

Akwai na ƙarshe, kuma kai ne a cikinsa. Ya riga na Malam Isufu faruwa, amma sai bayan nasa na gane shi.

Kana da shekara goma sha biyar na fara fita da kai. Fita ta uku ko ta huɗu, iska ta kwaso yashi ta zuba a wata kwana, tayarka ta gaba ta zame, ka faɗi a kan hannunka. Na tsaya, amma ban sauka daga keke ba. Akwai mutane suna wucewa, na ga idonka ya kawo ruwa, na ji kunya.

Na ce, "Tashi. Khalas, ya wuce, ba komai. Namiji ne kai."

Ka tashi. Na ce, "Za ka iya ƙarasawa?"

Ka ce, "Zan iya, Baba."

Ka ƙarasa, da hannu ɗaya a kan keke. Na gani, na ɗauka salo ne. Kwana biyu kana cin abinci da cokali a hagu kana cewa koyo kake yi, sai mamanka ta kama hannun ta ga ya kumbura. Hoto ya nuna tsagewar ƙashi a wuyan hannu. A asibiti na yi maka faɗa don ka ɓoye. Ban tsaya na tambayi kaina wa ya koya maka ɓoyewar ba.

Tun daga ranar, duk abin da na tambaye ka, amsarka ɗaya ce. Ya makaranta, lafiya lau. Ya jiki, lafiya lau. Shekarar korona da aka rufe mu a gida wata da watanni, muna ɗaki ɗaya da falo ɗaya, ban ji wata amsa daga bakinka ba. Abin da ya dame ka, wurin mamanka nake jin sa, in ta ga dama. Ban ga laifinka ba. Abin da na shuka ne.

To ka ji abin da ya kamata in faɗa maka a kwanar nan. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma fasa tafiya ba faɗuwa ba ce. Idan gwiwa ta ƙi, ku kwana biyu a wuri ɗaya. Idan ruwa ya ƙi tsayawa, ku nemi tashar jirgin ƙasa ku loda kekunan. Idan a kwana na huɗu ka ga abin ya fi ƙarfinku, ka tsaya a kwana na huɗu. Kogin yana nan baɗi. Babu wanda zai tambaye ka kilomita nawa ka yi, ni ma ba zan tambaya ba. Kuma wannan ba a kan keke kaɗai ba. Shekara huɗu za ka yi a ƙasar da ba ka da dangi. Akwai darasin da zai gagare ka, akwai sanyin da zai sa ka ƙi fita, akwai ranar da za ka rasa dalilin zuwanka. Kada ka ƙarasa da hannu ɗaya don kada a ji.

Ba na sa ran takarda ɗaya ta gyara abin shekara huɗu. Abin da zan iya shi ne wannan. Idan ka kira, zan tambaye ka ya jiki, za ka ce lafiya lau, na sani. Daga nan zan yi shiru. Kada ka ɗauka layin ne ya yanke. Amsa ta biyu nake jira.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Ya sa ka gama abin da ka je yi, Ya yi maka albarka a cikinsa. Ka gaida Kamalu, ka ce masa ina yi masa addu'a kamar yadda nake yi maka. Na bar ku a hannun Allah, wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka.